Abincin 'Yan Gayya a Bene na Huɗu

Ban taɓa taka ƙafata a ƙauyen ba, kuma da wuya in taka. Amma in aka sauke ni a bakin titinsa yau, zan iya kai mutum coci ba tare da na yi tambaya ba, in nuna masa inda makaranta take kafin a rufe ta, da kangon banki, da dogon rumbun hatsin nan da ke gefen layin dogo. Duk a kicin na san su, a bene na huɗu na wani gida a unguwar Jamaica da ke birnin New York, a bakin wata tsohuwar Baturiya da na yi wa aikin kula.

Lokacin na kwana biyu a New York, aikin ya zama jikina. Kamfani ne ke tura mu gidajen tsofaffi, mu yi musu wanka, mu ba su magani a kan lokaci, mu ɗumama abinci, mu zauna da su har yamma. Na ga iri-iri, da masu zagi, da masu jifa da cokali, da wani da yake ɓoye mini takalmi don kada in tafi. Wannan kuwa ba ruwanta. 'Yar siririya ce, gashi fari fat, sai manyan hannuwa irin na wadda ta sha aiki. A wani ɗan ƙauye a jihar Iowa aka haife ta, can ta yi aure, can ta binne mijinta. Da ruɗewar tsufa ta fara kama ta, 'yarta tilo, wadda ke aikin lauya a Manhattan, ta je ta ɗauko ta, ta kama mata ɗaki da falo kusa da tashar jirgin ƙasa, don nan jirginta yake tsayawa in za ta koma gida da yamma.

Ranar da na fara, 'yar ba ta yi mini kwana-kwana ba. A tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu, ta ce mahaifiyarta ba ta cin abinci. An gwada haƙoranta, an gwada maƙogwaro, an canza magani, likitoci ba su ga komai ba. Da safe takan sha shayi da ɗan burodi, shi ke nan. Nas tana zuwa duk mako da sikeli, kuma kullum ƙasa ake yi. Ta ce in nauyin ya ci gaba da sauka har ƙarshen lokacin zafi, ba ta da yadda za ta yi, gidan kula da tsofaffi za ta kai ta. An taɓa kwantar da ita can na ɗan lokaci bayan ta faɗi, ta juya fuska ga bango, ta daina magana da kowa har aka sallamo ta. "Na san in na mayar da ita ba za ta daɗe ba," in ji 'yar. "Amma a nan ma ina kallo tana ƙarewa."

Na ce Allah zai kawo sauƙi. A raina kuwa cewa na yi, haba, tsohuwa ɗaya! Ni da na yi fama da yaye har sau uku?

Ashe ban san da wa na gamu ba. Duk tsakar rana zan ɗumama abincin da 'yar take sa a kawo, in jera a faranti, in ajiye mata. Sai ta dubi farantin, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, kin ci?" In ce, "Na gode, Mama, na ƙoshi." Sai ta turo farantin gabana ta ce in zauna in ci. Ni kuma in mayar mata. Ta turo, in mayar, har abincin ya huce, ta ce a rufe shi a ajiye. Na yi lallami, na yi wasa, na yi fushin ƙarya, na ɗebo a cokali na kai bakinta, ta kawar da kai tana murmushi. Ko a jikinta.

Ni kuwa a Kano aka yi mini tarbiyya, a gidan da in kika je wurin mutane aka kawo miki abinci, ko yunwa za ta kayar da ke, cewa za ki yi kin ƙoshi. Balle a gaban babba, balle a gidan da kike aiki. Ga kamfani ya ja mana kunne kada mu taɓa abincin waɗanda muke kula da su. Ga shi kuma ban san da wane mai aka soya abin ba. Saboda haka sai ta yi barcin rana nake buɗe 'yar kular da na zo da ita daga gida, in ci a tsaye a jikin wurin wanke-wanke, da sauri kamar wadda ta sato.

Abin da ba ta ƙi ba shi ne hira. Ba ta san shekarar da muke ciki ba, ba ta san sunan garin da take ba, amma ƙauyen nan yana kanta daram. Ina taje mata kai tana ba ni labari. Ta ce kakanninta da amalanke suka isa wurin, ba itace ko ɗaya, sai ciyawa da ta fi mutum tsawo, har gidansu na farko ma da ƙasa da saiwar ciyawa suka gina shi. Da aka shimfiɗa layin dogo bai biyo ta inda suke ba, sai mutanen suka ɗora gidajensu na katako a kan gungume, dawaki suka ja su zuwa bakin layin. Garin ne ya tashi ya bi jirgi. Na ce, "Mama, har da cocin?" Ta ce har da cocin, kuma a hanya ƙararrawar ta faɗo ta tsage, suka rataye ta a haka, shi ya sa muryarta take a dishe har yau.

Akwai jiniya a kan ofishin 'yan kwana-kwana, tana kaɗawa duk tsakar rana, kowa ya ajiye abin da yake yi ya nufi abinci, har karnuka sun san ta. Yammacin Asabar duk manoman karkara sukan shigo gari, maza su cika shagon aski, mata su sayar da ƙwai da man shanu su sayi sukari da yadi. In aka yi mutuwa, kafin gawa ta huce teburin gidan ya cika da kwanukan maƙwabta. Ta san wanda ya auri wa, da wanda ya sha giya ya jefa tarakta a rafi, da matar da ba ta iya gashin burodi ba amma ba wanda ya taɓa gaya mata har ta mutu. Wani lokaci kuma sai muryarta ta yi ƙasa, ta ce manyan injuna sun zo, gona ɗaya ta haɗiye gonaki da yawa, samari sun watse birane, jirgi ya daina tsayawa, aka rufe makaranta, coci biyu suka koma ɗaya. Can kuma sai ta tambaye ni ko na rufe kaji.

Labarin da ta fi so shi ne na sussuka. Injin sussuka ɗaya ne a duk yankin, saboda haka maza sukan haɗu su bi gona-gona, yau a taka, gobe a tawa. Na ce, "Ai wannan gayya ce!" Na yi hutu a ƙauyen kakata, na san abin. Ta ce gidan da ake yi wa aiki shi zai ciyar, kuma nan ake gane mace. Tun asuba ake yanka kaji, a dafa dankali a daka, a gasa burodi, a fito da tebur har tsakar gida. Maza su shigo da ƙaiƙayi a wuya, su wanke hannu a baho, su zauna. Mata da 'yan mata suna tsaye a bayansu, wannan da ruwa, waccan da miya, ba a barin farantin kowa ya nuna gindi. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, ina dariya ina cewa kamar mu, kamar mu. Sikeli kuwa yana ta sauka.

Allah ya kawo mafita ta hannun wadda ban zata ba. Ina da wata ƙawa 'yar Kumasi, a Harlem take zaune, amma aikinta a nan kusa da mu ne. Mace ce mai jiki da murya, in tana waya a bas har direba sai ya san abin da ake ciki. Kullum muna tsiya, ni in ce Hausarta ta sha ruwa a hanya, ita ta ce mu Kanawa kunya za ta kashe mu da yunwa. Ran nan ta biyo karɓar daddawar da aka kawo mini daga gida. Na ce ta tsaya a bakin ƙofa, don ba a yarda mu shigo da kowa ba. Daidai na ajiye wa tsohuwa farantinta ke nan. Sai tsohuwa ta hango ta, ta ɗaga murya ta ce, "Shigo mana! Kin ci?"

Kafin in yi mata ido, baiwar Allah ta tura ni gefe, ta ce, "A'a, Mama, ban ci ba!" Ta ja kujera ta zauna. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata da Hausa, "Ke, ba ki da hankali? Abincin mara lafiya ne!" Ta ce, "Kifi ne ai, ba alade ba. Bakanuwa, ƙyale ni, mai gida ya ce in ci." Ta kama ci ba ji ba gani.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsohuwar da sai na kama ta take tashi, ta dafa tebur ta miƙe da kanta. Ta ce in miƙo burodi. Ta ce ina man shanu. Ta tsaya a bayan ƙawata, hannu a kan kujera, tana kallon kowace loma, tana cewa ƙara, ƙara, akwai saura. Ƙawata ta share faranti, aka ƙara mata, ta share, sannan ta jingina ta shafa ciki ta ce ta ƙoshi, ta daɗe ba ta ci mai daɗin wannan ba. Tsohuwa ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Sai tsohuwa ta sauke numfashi, ta zauna, ta ce da ni, "To, ɗan zubo mini abin da ya rage." Ta cinye shi tas, har ta goge farantin da burodi.

Na tsaya baki buɗe. Ikon Allah! Matar nan ba ciwo ne ya hana ta ci ba. A wurinta ita ce uwar gida, ni kuma baƙuwa ce da na shigo daga aiki, kuma a ƙauyensu uwar gida ba ta zama sai ta ga baƙo ya ƙoshi da idonta. Ita tana jira in ci, ni ina jira ta ci, kowa yana ganin ladabi yake yi. Ƙawata ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Mata biyu da yunwa, faranti ɗaya a tsakiya, kuna ta gaisuwa!" Na ce ta ɗauki daddawarta ta ɓace mini da gani.

Da yamma na gaya wa 'yar. Ta ce in ci duk abin da nake so, in dai uwarta za ta ci, kamfani kuma ita za ta yi musu magana. Na ce to a bar ni in riƙa girkin da kaina, da kazar da na san wanda ya yanka. Ta yarda. Ranar farko da na zauna ci a gaban tsohuwa, da ƙyar na kai loma baki. Tana tsaye a kaina tana kallo, ni kuwa tun ina yarinya ba a taɓa kallon bakina ina ci ba. Kuma ba ta yarda da ɗan taɓawa, sai na karɓi ƙari, sai na yaba, sai na ce ba sauran wuri. Haka na koya. Ta fara cika, kumatunta suka ɗan fito, nas ta daina ɓata fuska. Ni ma, kada a tambaye ni, sai da na kai zannuwana wurin tela.

'Yar takan biyo da yamma, ba kullum ba. A nan ne nake jin tausayinta. Uwar ba ta gane ta. Takan gaishe ta da fara'a irin ta baƙo, ta tambaye ta ko daga coci aka aiko ta. 'Yar ta ce, "Ni ce, Mama," ta faɗi sunanta. Tsohuwa ta ce sunan yana da daɗi, ita ma tana da yarinya mai wannan suna, tana makaranta. Sai 'yar ta duba magunguna, ta duba firji, ta sumbaci goshinta, ta fita da sauri. Da farko na ɗauka rashin damuwa ne. Daga baya na lura a matakala take tsayawa ta daɗe kafin ta sauka.

Ana nan sai ga azumi, a tsakiyar zafi, lokacin da rana take kai wa wajen takwas da rabi ba ta faɗi ba. Na yi wa tsohuwa bayani, ta gane sarai, ta ce su ma suna da nasu kafin Ista, Allah ya ba da lada. Na ji daɗi. Na ajiye mata faranti. Ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta ce a rufe, ba su shigo ba tukuna. Na ce su wa? Ta ce masu aiki mana. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Na gwada zama da faranti a gabana ina juya cokali, ta ce, "Ba ci kike ba, 'yar nan, ina ganinki." Nas ta zo da sikelinta, duk abin da muka tara ya fara zubewa. Ta buga wa 'yar waya a gabana, ina jin muryar 'yar tana cewa to, to, ta gane.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Azumina ba zan karya ba, tsohuwar nan kuma ba zan zuba ido a kai ta inda za ta juya wa bango fuska ba. A bas ina komawa gida na kira ƙawata ina ta faɗa, kamar ita ta yi mini laifi. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To duk matan Jamaica azumi suke yi? Ba mai jego? Ba mai ciki? Ba mai fashin salla?"

Muna da guruf a waya na matan unguwa, da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana, inda ake sanar da suna da biki da ta'aziyya. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na ce, duk wadda ba ta azumi gobe, akwai abincin rana a gidan da nake aiki, taimako ne za ta yi. Tirƙashi! Wace ce za ta fito gaban jama'a ta ce ba ta azumi? Mu da in uzuri ya same mu a ɓoye muke kurɓar ruwa, har da tashi sahur na ƙarya don kada yara su gane. Wata ta rubuto wai ita ba ta taɓa jin gayyatar cin rana a watan Ramadan ba sai a Amurka. Na ce a raina, ke dai kya ji da shi.

Amma ta bayan fage waya ta fara ƙara. Ta farko wata Hajiya ce dattijuwa, likita ya hana ta azumi saboda ciwon sukari, ta ce ta gaji da cin biskit a banɗaki don kunyar jikoki. Sai wata yarinya 'yar Maraɗi da ke gidanmu, tana jego, mijinta direba ne a filin jirgi, wuni take ita kaɗai da jariri. Sai masu kwana biyar, masu mako, kowace ta ce kada in gaya wa kowa. Na ce bakina ƙanin ƙafata. Su da kansu suka riƙa haɗuwa a matakala, a yi turus, a kwashe da dariya.

Haka muka samu 'yan gayya. Tsohuwa ta farfaɗo kamar an yi wa shuka ban ruwa. Tun hantsi take tambaya mutum nawa ne yau, ta sa in ɗaura mata atamfar girki a ƙugu, ta zauna tana ɓare masara da waɗannan manyan hannuwa. Ta koya mini dakan dankali da madara, ni na koya mata cin shinkafa da miyar taushe. Ni yanzu na tashi daga baƙuwa na koma 'yar kicin, muna tsaye tare a bayan masu ci. Hajiya ba ta jin Turanci sosai, tsohuwa ba ta jin Hausa ko kaɗan, amma sai su yi ta hira, wannan tana ba da labarin ƙanƙarar da ta rufe ƙofar coci, waccan tana cewa, "Allah sarki, haka ne." In suka ƙoshi suka yaba, sai ta zauna ta ci nata. Ban gaya wa 'yar ba. Ta yarda in ci, amma ba ta ce in tara mata unguwa a gida ba, kuma na san in kamfani ya ji, aikina ya ƙare. Na ce bari dai sikeli ya hau tukuna, in samu bakin magana.

Ba a kai ga haka ba. Wata Laraba da tsakar rana, Hajiya da mai jego da ƙawata suna kan tebur, jariri yana barci a kan kujerar falo, sai muka ji makulli a ƙofa. 'Yar ce, da kayan ofis, da jaka a kafaɗa. Ba ta taɓa zuwa a wannan lokaci ba. Ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ƙawata tana riƙe da cinyar kaza, ta rasa ko ta ajiye ko ta kai baki. Mai jego ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na kashe aikina, na kuma ja wa tsohuwa.

'Yar ta dube ni, murya a ƙasa amma a kaifafe, ta ce, "Su wane ne waɗannan?"

Ban kai ga buɗe baki ba tsohuwa ta juyo. Ta kira ta da wani ɗan gajeren suna da ban taɓa ji ba, irin na yarinta, da wata murya mai tsawa da ban san tana da ita ba. Ta ce, "Sai yanzu? Ina kika tsaya? Mutane suna ci ba ruwa a tebur! Ajiye jakar nan, ki wanke hannu, ki ɗauko jog."

'Yar ba ta motsa ba. Ta ce, "Mama?"

"Kada ki tsaya kina kallona, kin ji abin da na ce."

Ta sauke jakar a ƙasa a hankali. Ta wuce ta gabana ta wanke hannu, na miƙa mata jog ɗin ruwa. Ta bi su tana zubawa har ruwa ya zube a tebur, uwar ta ce kullum haka take, ba ta kallon abin da take yi. Da ta gama ta ja kujera za ta zauna, uwar ta buge mata hannu. "Ba yanzu ba. Mu sai sun gama." Ta ja ta ta tsayar a gefenta. Suka tsaya tare a bayan Hajiya, uwar tana nuna mata farantin da ke neman ƙari, ita kuma tana zubawa, hawaye yana bin fuskarta ba ta ko share ba. Hajiya ta ce da ni da Hausa, "'Yarta ce?" Na ce ita ce. Ta ce, "To bari in ƙara, kada su yi saurin zama." Ta miƙa faranti, ita da likita ya ce ta rage shinkafa.

Da baƙi suka ƙoshi suka yi godiya suka tafi, uwa da 'ya suka zauna a gefe ɗaya na tebur suka ci abin da ya rage. Tsohuwa tana ta yi mata faɗa a kan gashinta da ta yanke, tana tambayarta ko ta ba maruƙa ruwa. 'Yar tana cewa ta ba su, Mama, ta ba su. Ni ina wanke-wanke na ba su baya, don ni ma idona ya cika, ga ƙishirwa, ga daɗi, ban san wanda ya fi ba.

Da tsohuwa ta kwanta, 'yar ta kira ni matakala. Ta ce an samu gurbi a gidan tsofaffin, ranar Litinin za a karɓe ta, abin da ta zo gaya mini ke nan. Ta ce tun tana 'yar makaranta rabonta da riƙe jog a bayan masu aiki, ta manta da abin sam, kuma rabon da uwarta ta kira ta da wannan suna ta daina lissafi. Na ce ta yi haƙuri da shigo da mutane da na yi ba izini. Kamar ba ta ji ni ba. Sai kawai ta ce, "Gobe su wa za su zo?"

Na ce Hajiya dai kullum tana nan, sauran sai yadda ta yiwu.

Ta ce, "Ki gaya musu su zo da yunwarsu. Ki kuma nuna mini shagon da kike sayen kajin, ni zan kawo."

Gurbin nan wani aka ba. Tsohuwa a ɗakinta ta zauna har rai ya yi halinsa, bayan sanyin shekarar ya wuce. Ba kullum take gane 'yar ba, da yamma har ƙarshe baƙuwa ce daga coci. Sai in akwai mutane a tebur take gane ta. Shi ya sa ko bayan Salla ba mu fasa ba, kuma duk Laraba lauyar nan takan baro ofis da tsakar rana, ta hau jirgi zuwa Jamaica, ta zo a yi mata faɗa.